Na tarar da katin Amanawa a adakar Inna: in bi sawu ko in bar kaza cikin gashinta?

Ɗan Marina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutun.

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Inna, ta rasu watan jiya. Bayan addu'ar bakwai aka fito da kayanta, aka sa ni buɗe wata adakar ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonta, wadda tun muna yara ba mai taɓa ta. Makulli ya ɓata, sai da na sa guduma. A sama tsofaffin zannuwa ne da tasoshi biyu da kwabo mai huji da anini cikin gwangwanin madara. Can ƙasa na ga wani tsumma an ƙulle shi tamau. Da na kwance sai ga kati mai kauri, ya yi ja don tsufa, an rubuta sunan kakana Garba da boko, da sunan ƙauyenmu na asali, da wata lamba, a sama kuma Amanawa, gidan kutaren nan da 'yan mishan suka riƙe a wajen Sakkwato. Ƙasan sunan layi-layi ne na kwanan wata, wani yana sa hannu. Akwai hoto baƙi da fari, maza goma sha ɗaya sun jeru gaban wani gini, baturiya ɗaya a gefe, a bayansa an rubuta 1952 da sunaye da fensir. Sai wasiƙa biyu, ɗaya ajami ɗaya boko.

Mu dai abin da muka tashi muka ji, kakanmu ya tafi Kurmi fataucin goro ya yi shekara huɗu. Ban riske shi ba, mahaifina ma ya rasu. Na kai wa Baffa, wan mahaifina, ko karɓa bai yi ba ya ce in sa a murhu. Ga kuma bikin ƙanwata bayan Sallah.

Tambayata: mutanen coci suna ajiye takardun wancan lokaci? In na je, za su bar Musulmi ya duba? Kuma abin da ya fi damuna, kasancewarsa cikin hoton mishan yana nufin ya bar addini ne?

Alhaji na Ƙofar Rini

Wa alaikumus salam. Allah shi jiƙan Inna, shi sa ta huta. Ɗana, tsohuwag ga ta yi shekara saba'in tana ɓoyon abin ga, ba ta hwaɗa ma kowa ba har ta koma ga Allah. Kana ganin wayo na ba ta da shi? Garin tone-tone kaza ka tono wuƙar yanka ta. Ka san garin ga. In anka zo binciken aure abu ukku aka tambaya, ba sai na lissahwa maka ba, kuma wanga na cikinsu. Ban ce ka ƙone ba, amma ka maida cikin adaka ka ruhe, a gama bukin yarinya lahiya.

Maman Ilham

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma a nan kam zan ɗan saɓa maka. Shekarata goma sha tara ina aikin jinya. Kuturta ba gado ba ce. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, 'yar uwar wadda ke kawo tarin fuka, wani likita ɗan ƙasar Nowe mai suna Hansen ya gano ta tun 1873. Yawancin mutane ko sun zauna da mai ita ba sa kamuwa. Yau magani ne na wata shida zuwa shekara ɗaya, kyauta ake bayarwa, mutum ya warke sarai. Jikanyar wanda ya yi ta a 1952 ba abin da ya shafe ta.

Sannan a duba wani abu. Wanda ke son takarda ta ɓace, murhu na tsakar gidansa kullum safe da yamma. Inna ta girka abinci sau nawa cikin shekara saba'in? Ba ta jefa ba. Ƙullewa ta yi ta ajiye ƙarƙashin inda take kwana.

Ɗan Marina, layukan da ke katin ina jin ranakun karɓar magani ne. A daidai shekarun nan ne ƙwayar dafson ta fara maye gurbin allurar wani mai da ake tatsowa daga 'ya'yan wata bishiyar Indiya, allurar da tsofaffin majinyata ba sa manta zafinta. Da dafson aka fara sallamar mutane da yawa su koma gida. Duba layin ƙarshe ka ga me aka rubuta.

Alhaji na Ƙofar Rini

Ɗiyata, ke kin sani, ni ma na ji. Gwaggon ango ta sani?

Maman Ilham

Wannan kuma ka kama ni, Baba.

Malamin Tarihi

Bari in ɗan shimfiɗa tabarma don a san inda za a nema. Da Turawa suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addini ba. Saboda haka aka daɗe ana hana 'yan mishan yin wa'azi a biranen sarakunan Musulunci. Majami'un farko a irin garuruwanmu na baƙi ne, akawuna da sojoji da ma'aikatan kamfanonin Turawa da suka zo daga Kudu. Ƙofar da ta buɗe wa mishan ita ce jinya. A ƙarshen shekarun 1930 aka bar ƙungiyar mishan ta SIM ta riƙe gidajen kutare na larduna: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a nan wajen Dange Shuni. En'e ke da wurin tana ba da kuɗi, mishan ke kawo ma'aikata. Daga baya gwamnati ta karɓi na Amanawa, shi ne asibitin da aka killace masu korona a 2020.

Tunda hannu biyu ne suka riƙe wurin, takardunsa ma sun rabu. Na gwamnati suna gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna, fayilolin Lardin Sakkwato da ake yi wa alama SOKPROF. Na mishan, manyansu suna ma'ajiyar SIM a Amurka, a jihar Karolina ta Kudu, hedikwatar cocin ECWA, wadda ta fito daga SIM, kuma tana Jos. Amma in gaya maka gaskiya tun yanzu kada ka ɓata kuɗin mota: rahoton Razdan da na likitan lardi adadi suke bayarwa, mutum kaza sun shiga, kaza an sallama, kaza sun mutu. Talaka ba kasafai sunansa ke shiga fayil ba sai in ya yi laifi ko ya kai ƙara. Abin da ke hannunka, kati mai sunansa da lambarsa, ya fi abin da za ka samo a Kaduna daraja a wajenka. Kaduna za ta gaya maka yadda wurin yake, adakar Inna ce ta gaya maka wa ke ciki.

Ɗan Katikis

Sannu da rashi ɗan'uwa, Allah ya ba da haƙuri. Ni Kirista ne, ɗan Katolika, a Gusau aka haife ni, mahaifina ya yi shekaru yana katikis, wato mai koyar da addini a coci. Zan faɗi abin da na sani na ɓangarenmu.

Mu kam muna rubutawa, doka ce a kanmu. Kowane faris, wato cocin yanki, yana da littafin baftisma, da na aure, da na mamata. A na baftisma akwai gurbin suna, ranar haihuwa, sunan uba da na uwa, garinsu, ranar baftisma, sunan uban baftisma ko uwar baftisma, da Fadan da ya yi. Abin da mutane ba su sani ba shi ne gefen shafin. In yaron ya girma ya yi aure, ko a Legas ne, sai an aiko an rubuta a gefen sunansa a littafin da aka fara sa shi. Layi ɗaya sai ya ba ka mutum uku ko huɗu da gari biyu.

Fadan-fadan Dominikan daga Amurka ne suka karɓi yankin Sakkwato a 1953, suka fi zama a Gusau, don can jirgin ƙasa yake bi, can baƙi suka fi yawa. A 1964 ya zama dayosis, wato yanki mai bishop ɗinsa. Ina yaro ina taya Baba kakkaɓe kabad ɗin littattafan. Na tuna wani na shekarun 1960, shafi bayan shafi sunayen Ibo, rubutu a cunkushe. Kana zuwa ƙarshen 1966 sai shafin ya yi fayau. Ba wanda ya rubuta abin da ya faru, amma ko yaro ya duba ya san an watse. Har bayan na girma mutane na zuwa daga Inugu da Oweri neman katin baftismar iyayensu.

Game da ko za a bar ka: ba a miƙa wa kowa littafin ya yi ta buɗawa, ko ɗan coci ne, don akwai sirrin mutane a ciki. Kai za ka ba da suna da shekara, sakatare ko Fada ya duba maka. Ban taɓa ganin an tambayi mai nema addininsa ba. Sai dai Amanawa ba tamu ba ce, wajen 'yan ECWA za ka nufa.

'Yar Zuru

To ga mu. Yayana, kwantar da hankalinka kan maganar hoto. ECWA daga SIM ta fito, a 1954 aka kafa ta, kuma mu ba ma yi wa jariri baftisma, balle majinyaci don kawai ya kwanta a asibiti. Sai babba ya furta da bakinsa, ya shiga ajin baftisma ya daɗe ana koya masa, sannan a nitsar da shi cikin ruwa gaban jama'a. Ba abu ne da ke faruwa a ɓoye ba. Tsayawa gaban kyamara kusa da baturiya ba ya mai da mutum komai.

Amma kada ka sa rai da tsari irin na su Ɗan Katikis. Namu ya danganta da faston da aka samu. Wani mai son rubutu ne, wani in aka yi masa canji sai ya tafi da littafin cikin kayansa. Inda na fi samun abu ni, ba a ofishin coci ba ne. Shafin farko na Littafi Mai Tsarki na tsofaffi ne, inda suke jera ranakun haihuwar 'ya'yansu, da littafin Zumuntar Mata, inda ake rubuta wadda ta haihu da wadda ta ba da sule da wadda aka kai wa itace.

Ka kuma kula da suna. Na sha wuya kan kakana. Ya je yaƙin Bama, a littafinsa na soja an sa Audu sai sunan gari, don haka ake ɗaukar sojan da. A coci Yohanna ne. A gida da sunan C'lela, harshenmu na Zuru, ake kiransa, wanda ba a rubuta ko'ina ba. Shekara biyu ina zaton mutum biyu ne wa da ƙane, sai da wata gwaggona ta yi mini dariya.

Tsohon Akawu

Haka yake. Garban nan ma ka neme shi a Abubakar, Bukar, Buba, Habu. Bature yadda kunnensa ya ji yake rubutawa.

Abu Sumayya

Ni fa ban gane ba. Musulmi ɗan Musulmi, a garin Shehu, zai tafi coci neman asalinsa? Tsofaffinmu sun ƙare ne? Mu da muke da nasaba a rubuce tun kafin Bature ya san hanyar nan. Kuma a daina yi mana kwalliya, mutanen nan ba don Allah suka zo ba da magani ba, farautar masu rauni suka zo yi. Abin da suka rubuta a kanmu ta yaya zai zama hujja?

'Yar Zuru

Malam, ba asalinsa ya ce zai nema a coci ba. Shekara huɗu ce ta ɓace daga rayuwar kakansa, kuma ba a zauren malam ta ɓace ba.

Abu Sumayya

Ban da ke nake ba, baiwar Allah.

Mai Kula da Zaure

A yi a hankali. Nan zauren tarihi ne, Musulmi da Kirista duk 'yan gida ne. Wanda ya koma wa'azi zan goge.

Malamin Tarihi

Malam Abu Sumayya, rabin maganarka gaskiya ce, kuma ba sai an yi musu ba, don su da kansu sun rubuta cewa bishara ce ta kawo su, jinya hanya ce. Wasiƙun da suke aikawa gida ma na neman taimakon kuɗi ne daga majami'unsu, saboda haka labarin wanda ya tuba yakan yi tsawo, na mutum ɗari da suka sha magani suka koma gida da tasbaharsu yakan zama layi ɗaya. A irin gidajen nan akan kuma raba jarirai masu lafiya da iyayensu a rene su daban don gudun kamuwa, wasu a nan suka tashi Kirista. Duk wannan ya faru.

To amma wace takarda ce ba ta da mai ita? Di'o yana rubutu don haraji ya cika. Maroƙi yana jero maka kakanni, ya tsallake wanda ba a so a ji. Nasabar da ka ambata, ta gidajen sarauta da na malamai ce, su ne Waziri Junaidu da magabatansa suka tsare mana, Allah ya saka musu. Jikan manomi daga ƙauye fa? Shi sai ya haɗa da rasit ɗin haraji, da takardar jangali, da hukuncin alƙali kan gona, da abin da malamin unguwa ya rubuta a gefen kundinsa ranar suna. In katin mishan ne ya rage, da shi za a yi. Kana ɗaukar kwanan wata da suna da wuri, ka bar musu fassararsu. Ni ɗalibaina haka nake ce musu su yi wa rubutun Turawa matafiya irin su Barth da Kilafatan ma.

Abu Sumayya

Na ji wannan. Amma ya fara da tsofaffin gidansu kafin ya tafi wajen bare.

Tsohon Akawu

A kan wannan kam ina bayanka. Ɗan Marina, ɗana, tsohuwar da ta rage a danginku, ko kishiyar Inna ko ƙanwarta, ka je da goro da turmin atamfa, kada ka je da tambaya tsirara. Ka ce hoto ka samu kana so a nuna maka kakanka. Mata su ke riƙe da irin wannan.

Yanzu ɗauko ambulan ɗin. Akwai kan sarki? In hoton namiji ne, Sarki Joji na shida ne, ya mutu a Fabrairun 1952, na Sarauniya sun fito a 1953. Duba hatimin gidan waya da aka buga a kai, yakan nuna gari da rana. Ta ajamin kuma in akwai shekara ta Hijira ce: ka ninka da 0.97 ka ƙara 622, za ka faɗo kusa. Misali 1360 ta ba ka 1941. In kuwa ka ga an rubuta shekarun mutum a kati, kada ka rantse a kai. Na yi aikin akawu shekara talatin, na san yadda muke yi: a dubi fuska, a tambaye ka ko ka yi wayo lokacin marisuwa, wato 1918, ko kana ina aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na uku a 1938, sai a yanka maka shekara.

Ɗan Marina

Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci za a amsa haka ba. Baba Akawu, na duba. Ta bokon ce ke da kan sarki, namiji ne, hatimin ya ɗan goge amma ana ganin Sokoto da 51. An aiko ta ta hannun malamin elemantare na gundumarmu. Ta ajamin ba kan sarki, da alama hannu da hannu ta zo. Anti Maman Ilham, layin ƙarshe na katin 1953 ne, an ja layi biyu a ƙasa an sa hannu.

Na zauna na karanta ta bokon a hankali, rubutun mai kyau ne, ba nasa ba ne don bai yi boko ba. Bayan gaisuwa ya ce hannuwansa sun yi sauƙi, yana noma ɗan fili a wurin. Ya ce in haraji ya matsa a sayar da tunkiya, kada a taɓa gona. Ya tambaya ko yaron ya fara tafiya. A ƙarshe ya ce kada ta faɗa wa mutanen gari inda yake, ta ce yana Kurmi.

Ashe ba Inna ce ta ƙirƙiro maganar goro ba. Shi ya roƙe ta.

Alhaji na Ƙofar Rini

To ka ji. Amana ta yab ba ta, ta riƙe har kabari. Kai mi za ka yi da amanar da ba kai anka ba ba?

Maman Ilham

Allahu akbar. Ni wallahi hawaye nake. Yarinya ce fa a lokacin, da goyo, miji ba ya nan, ana tambayarta yaushe mai goro zai dawo.

Tsohon Akawu

Tsaya tukuna. Yaron da ake tambaya ko ya fara tafiya a 1951, wane ne?

Ɗan Marina

Baffa ne. Shi ne ɗan fari.

Tsohon Akawu

Shekarar haihuwarsa nawa a takarda?

Ɗan Marina

1955 yake sawa.

Tsohon Akawu

Hahaha. Aikinmu ne wannan, na gane hannun. Yaro yana tatata shekara huɗu kafin a haife shi. Kada ka gaya wa 'yan fansho.

Mai Hoto na Emir Yahaya

Ni ta fannin sana'ata zan shigo, don na ga ana ta ɓarna. Don Allah kada ka kai katin nan ko wasiƙun a yi musu lamineshan. Zafin injin yana cin tawada, kuma in leda ta kama ba ta sake fita. Kada ka sa salatif a inda ya yage, bayan shekara biyu zai bar tabo ruwan ƙasa. Kada a rubuta komai a bayan hoto da biro. A yi sikanin gaba da baya, bayan hoto sau da yawa ya fi gabansa magana, wani lokaci har da tambarin mai hoton. Sannan ka sa kowanne tsakanin farar takarda, cikin akwati, sama da ƙasa saboda gara, nesa da bangon da ke jiƙa da damina, kuma ba ɗakin kwano da ke tafasa a watan Afrilu ba.

Abu na biyu, manhajojin nan masu gyara tsohon hoto su sa masa kala. Wani ya kawo mini hoton kakansa Bagobiri, ya riga ya sa a waya an "gyara". Tsagar fuskar duk ta tafi, manhajar ta ɗauka ƙarzuwa ce ta share. Ya fito sumul kamar ɗan fim. Alhali tsagar nan ita ce takardar shaidar mutumin. A hotonka ka ƙara girman fuskokin ka duba zane, ka duba hula da riga, za su gaya maka daga ƙasashen da aka taru.

Ɗan Katikis

Ka ɗora hoton mana mu gani, wataƙila wani ya gane ginin.

Mai Kula da Zaure

A'a. Mutum goma sha ɗaya ne a hoton, ɗaya ne nasa. Sauran goman suna da jikoki, wataƙila wasu na cikin zauren nan, kuma su ma an ce musu Kurmi aka tafi ko Gwanja. Ba gaba ba baya, kada a ɗora. Mai son taimakawa ya bi shi ta akwatin saƙo.

Ɗan Katikis

Gaskiya ne, ban yi tunanin wannan ba. Na janye.

'Yar Zuru

Yayana, duba saƙonka. Akwai wani dattijo a cocinmu, ya haura tamanin, a Amanawa ya tashi don mahaifinsa malamin asibiti ne a can. Yanzu yana zaune wajen 'yarsa a nan cikin gari. Na tambayi 'yar, ta ce ka zo da yamma bayan la'asar, lokacin ya fi sakewa.

Alhaji na Ƙofar Rini

Tunda kun nace, shi tahi. Amma shi tahi shi kaɗai, kuma bakinai alaikum har a ɗaura aure.

Ɗan Marina

Salam jama'a. Kwana tara ke nan, ga abin da ake ciki.

Na fara da ƙanwar Inna kamar yadda Baba Akawu da Malam Abu Sumayya suka ce. Na miƙa mata hoton ban ce komai ba. Ta kai shi kusa da ido, ta ɗora yatsa kan na uku daga hagu, ta ce ga shi nan. Sai ta ce, ashe ba ta ƙone ba. Ta sani tun farko, ita ce ma take raka Inna kai masa gari da daddawa sau biyu a shekara, su ce wa mutane sun tafi ganin gida. Ta ce da ya dawo yatsunsa biyu na hagu sun ɗan lanƙwashe, ya ce wa mutane igiyar jaki ce.

Ranar Talata na je wajen dattijon. Sun karɓe ni hannu bibbiyu, 'yarsa ta kawo mini ruwa da fura, da magariba ta yi ita ta shimfiɗa mini tabarma ta nuna mini gabas. Ya gane ginin nan take, ya ce nan ake raba magani. Ya kira sunan mutum uku cikin hoton kafin in juya bayan, kuma duk sun yi daidai. Kakana kam bai tuna shi ba, ya ce yana yaro lokacin kuma mutanen da yawa. Da na nuna masa wasiƙar sai ya yi shiru, ya aika jikarsa ta ɗauko wata jakar fata. Littattafan makaranta ne guda shida na mahaifinsa, inda yake rubuta bashi da ranakun haihuwa da sunayen waɗanda aka yi wa baftisma. Muka ajiye wasiƙar kusa da shafi ɗaya. Hannu ɗaya ne, har yadda yake lanƙwasa wutsiyar y. Mahaifinsa ne ya rubuta wa kakana wasiƙar. Ya ce da dare majinyata kan zo ƙofar gidansu, Baba ya kunna fitila su faɗa yana rubutawa, shi kuma aikinsa riƙe kwalbar tawada.

Na daure na yi masa tambayar da ke cina. Ya ce akwai waɗanda suka bi Yesu a wurin, akwai waɗanda suka yi shekaru suna sallarsu ƙarƙashin bishiya har aka sallame su, kuma na biyun sun fi yawa. Muka bi jerin sunayen baftisma daga 1949 zuwa 1954, ba Garba ba Abubakar daga ƙauyenmu. Ya nuna mini da kansa cewa gara ta ci ƙasan shafi biyu, ya ce ba zai ce mini abin da bai gani ba. Na ɗauki hoton shafukan da izininsa, shi ma ya ce in bar masa kwafin wasiƙar don rubutun babansa ne.

Jiya na koma wajen Baffa. Ban kai katin ba, wasiƙar kaɗai na kai, na ce zan karanta masa abu in ya ga dama ya ƙone da hannunsa. Da na zo wajen ko yaron ya fara tafiya, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya karɓa ya ninke ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya ce in tashi in ba shi wuri. Har yanzu bai maido ba, ni ma ban tambaya ba. Allah ya sa na riga na yi sikanin.

Saura ta ajamin. Na kai wa malamai biyu, sun karanta bisimilla da gaisuwa suka tsaya, sun ce babu wasali kuma tawadar ta bazu. Wa ya san mai karanta tsohon hannu?

Malamin Tarihi

Gidan tarihi na Waziri Junaidu akwai waɗanda aikinsu ke nan, haka ma sashen Larabci da na harsunan Najeriya a jami'ar Ɗanfodiyo. Ka kai kwafi, ka bar ta asalin a gida.

Alhaji na Ƙofar Rini

Wace jami'a kuma? Ka kai ma yara su yi ta yawo da sirrin mutane cikin waya. Ni da irin hannun ga nit tashi, mahaihina shi ka rubuta ma rabin unguwarmu takarda. Kawo mani ita ran Juma'a bayan an sauko, ina zaure. Ka taho da madubin ƙara girma in kana da shi, nawa ya hwashe.